Jijiya ta tara, mai gadin maƙoshi



Kowa ya taɓa ƙwarewa. Kana shan fura, wani ya ba ka dariya, sai furar ta bi wata hanya. Ka yi ta tari har idanu su kawo ruwa. Jim kaɗan abin ya wuce. To, me ya sa ba kullum muke ƙwarewa ba? Muna haɗiya sau ɗaruruwa kowace rana, har a cikin barci. Kuma hanyar abinci da hanyar iska ƙofa ɗaya suka haɗa a cikin maƙoshi.

Dalili shi ne akwai mai gadi a bakin wannan ƙofa. Wata ƴar jijiya ce siririya. Likitoci suna ce mata jijiya ta tara. In tana lafiya, ba wanda ya san da ita. In ta kasa, kunu ma yana iya halaka yaro. Shi ya sa ya kamata mu san ta, mu san alamun da ke nuna ta samu matsala.

Jijiya iri uku ce

A Hausa, abu uku muke kira jijiya. Sai mun raba su kafin mu gane bayanin.

Akwai jijiyar jini. Ita ce muke gani kore-kore a bayan hannu. Tana da rami, jini yana gudana a ciki.

Akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara. Ita ce mai tauri da muke samu a cikin nama.

Akwai kuma jijiyar saƙo. Fara ce, mai laushi, kamar zare. Babu jini mai gudu a cikinta. Aikinta kai labari. In ƙaya ta soke ka a gona, ita ke kai labari ga ƙwaƙwalwa. Ita kuma ke dawowa da umurni, ka ɗaga ƙafa.

Yawancin jijiyoyin saƙo daga laka suke fitowa, cikin ƙashin baya. Amma akwai guda 12 a dama, 12 a hagu, da suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Wani likitan ƙasar Jamus mai suna Samuel Sömmerring ne ya jera su 12 a shekarar 1778. Har yau da lissafinsa ake aiki. Ta ɗaya ta jin wari ce. Ta biyu ta gani ce. Ta takwas ta jin magana ce. Wadda muke zance a kanta ita ce ta tara. Sunanta a bakin likitoci ya fito daga kalmomi biyu na Girkanci, harshe da maƙoshi. Ke nan sunanta jijiyar harshe da maƙoshi.

Daga ina ta fito, ina ta nufa?

Kai hannu ka taɓa ƙeyarka, daidai inda kai ya haɗu da wuya. A can ciki gindin ƙwaƙwalwa yake. Daga nan jijiya ta tara ta tsiro, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

A ƙasan ƙoƙon kai, kusa da kunne, akwai wata kafa. Ta nan take fita. Ba ita kaɗai ba ce. Jijiya ta goma da ta sha ɗaya suna bin kafar tare da ita. Babbar jijiyar da ke sauko da jini daga kai ma ta nan take wucewa.

Da ta fito, sai ta gangaro cikin wuya, tsakanin manyan jijiyoyin jini biyu. Sai ta lanƙwasa ta yi gaba, ta nufi gindin harshe. A kan hanya tana yin rassa kamar itace. Wani reshe ya shiga cikin kunne. Wani ya sauka gefen wuya. Wasu suka bazu a bangon maƙoshi. Na ƙarshe ya shiga harshe.

Ayyukanta

Na farko, ɗanɗano. A raba harshe kashi uku. Kashi biyu na gaba wata jijiya ce ke kula da ɗanɗanonsu. Kashi ɗaya na baya na jijiya ta tara ne. In ka tauna ganyen dogon yaro, ɗacin da ke maƙale maka can baya ita ce ta kai labarinsa. Abu mai dafi sau da yawa yana da ɗaci. Wannan ce dama ta ƙarshe ta tofar da shi kafin a haɗiye. A bayan harshen kowa akwai wasu ƴan tudu kamar ƙuraje, wajen 8 zuwa 12, a jere kamar bakin kibiya. Ba ciwo ba ne. Wurin ɗanɗano ne. Kada a tsaga su, kada a kankare su.

Na biyu, jin taɓi a maƙoshi. In wani abu ya taɓa can ciki, ita ke sanarwa. Shi ya sa in ka tura yatsa cikin maƙoshi sai ka ji yunƙurin amai.

Na uku, yawu. A gaban kowane kunne akwai wata tsoka mai yin yawu. Ita ce ke kumbura in yaro ya kamu da hangum. Jijiya ta tara ke ba ta umurni ta zubo yawu lokacin cin abinci. In babu yawu, tuwo ba ya haɗiyuwa.

Na huɗu, tana motsa wata ƴar tsoka guda da ke ɗaga maƙoshi sama lokacin haɗiya.

Na biyar, tana jin abin da ke faruwa a cikin kunne, bayan fatar dodon kunne. Saboda haka ne ciwon maƙoshi yakan harba har kunne. Kunnen lafiyarsa lau, amma jijiyarsu ɗaya da maƙoshi. In babban mutum ya yi sati uku yana ciwon kunne gefe ɗaya tare da wahalar haɗiya, ya je a duba masa maƙoshi. Masu shan taba su fi kula da wannan.

Na shida, tana sa ido a kan jini. Taɓa gefen wuyanka, ƙarƙashin muƙamuƙi. Za ka ji jini yana bugawa. A nan akwai wurin da ke auna ƙarfin jini da yawan iskar da ke cikinsa. Jijiya ta tara ke kai wannan labari ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta daidaita bugun zuciya da numfashi. In aka danne wurin da ƙarfi, zuciya tana iya rage gudu, mutum ya suma. A hana yara wasan shaƙe wuya.

Yadda haɗiya take gudana

Harshe ya tura loma baya. Loma ta taɓa maƙoshi. Nan take jijiya ta tara ta kai labari. Ƙwaƙwalwa ta aiko da umurni, yawancinsa ta jijiya ta goma. Sai ƙofofi biyu su rufe. Ganɗa mai laushi tare da beli su ɗaga sama, su toshe hanyar hanci. Maƙogwaro ya hau, murfinsa ya rufe hanyar huhu. Loma ta wuce ciki. Duk wannan bai fi daƙiƙa ɗaya ba.

Ta tara ce mai gani, ta goma ce mai rufe ƙofa. Tare suke aiki, kuma sau da yawa tare ciwo yake kama su. In ka je gidan likita, malamin asibiti ya ce ka buɗe baki ka ce "aaa", beli yake dubawa. In lafiya, belin zai hau sama sosai, a tsakiya. In ya karkace gefe, ko ya ƙi motsi, akwai matsala. Wani lokaci yakan taɓa maƙoshi da ɗan katako mai tsabta. Yana so ya ga ko mai gadi yana farke.

Mashaƙo, babban maƙiyin wannan jijiya

A shekarar 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke a jihar Damagaram. Ƙasar Matamai tana cikin inda ta fi yin ɓarna. Tun ƙarshen 2022 take kama yara a Najeriya, kuma Kano ce ta fi yawan masu ciwon. Kun san hanyar Matamai daga Takeita ta rabu. Ita ce ke kaiwa Daura da Kano. Kullum motoci suna kai da kawowa, ƴan kasuwa da ƴan ci-rani da almajirai. Inda mutane ke bi, cuta ma tana bi. Don haka zancen mashaƙo zancen gidanmu ne.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Ido ba ya ganinta. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa. A asibiti ana ce wa cutar difteri. Tana farawa kamar mura: ciwon maƙoshi, zazzaɓi maras zafi sosai, kasala. Bayan kwana biyu ko uku sai wata fata mai launin toka ta shimfiɗu a maƙoshi. Ta manne sosai. In an kankare ta, jini ke fita. Wuya yakan kumbura. Fatar tana iya toshe hanyar iska.

Amma fatar ba ita kaɗai ce haɗari ba. Ƙwayar cutar tana fitar da dafi. Dafin yana shiga jini. Yana taɓa zuciya. Yana taɓa jijiyoyin saƙo. Waɗanda suka fi kusa da maƙoshi su yake fara kamawa, wato ta tara da ta goma.

Mu ɗauki misali. A ce yaro ɗan shekara 6 ya yi ciwon maƙoshi. Ya kwana biyar ko shida, zazzaɓi ya sauka. Uwa ta gode Allah, ta ce ya warke. Bayan sati biyu ko uku, ta ba shi koko. Sai kokon ya fito ta hanci. Muryarsa ta sauya, yana magana ta hanci. In ya sha ruwa sai tari. Mutanen gida su ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa baki.

Dafin mashaƙo ne ya kwantar da mai gadi. Ganɗa ba ta ɗagawa, ƙofar hanci a buɗe take. Ƙofar huhu ma ba ta rufuwa da kyau. Duk kurɓin da ya yi, kaɗan yana zubawa cikin huhu. Daga nan sai ciwon huhu. Bayan wasu makonni kuma ƙafafu da hannuwa suna iya yin sanyi. Har tsokar numfashi tana iya kasawa.

Ga labari mai daɗi. Wannan shanyewa ba ta dindindin ba ce. In an kula da yaron a asibiti, jijiyoyin sukan farfaɗo cikin makonni ko watanni. A can ana iya ba shi abinci ta wata ƴar roba da ake sakawa ta hanci har ciki. Ana kuma duba zuciyarsa. Abin da ake bukata shi ne ya rayu har jijiyar ta warke. A gida wannan yana da wuya.

Abin da ya fi shi ne a kai yaro tun ranar da aka ga fatar nan a maƙoshi. Akwai allurar kashe dafin mashaƙo. Amma dafin da ke yawo cikin jini kaɗai take kamawa. Wanda ya riga ya shiga jijiya ko zuciya ya fi ƙarfinta. Kowace rana da aka ɓata, dafi yana ƙara shiga. Ana kuma ba da maganin kashe ƙwayar cutar na kwana 14. A shanye shi duka, ko da yaro ya ji sauƙi. Cuta ce mai tsanani. Ko da an yi magani, cikin marasa lafiya 10 kusan 1 yakan rasu. In ba a yi ba, abin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Zancen cire beli

A ƙasarmu, in yaro yana ciwon wuya, da yawa wurin wanzami suke fara zuwa. A ce beli ne ya sauko, ko hakin wuya ne, a yanke. Wasu tun jariri bai cika sati ba ake cire masa. Wani bincike da aka yi a Yamai, aka buga a 1994, ya nuna cikin yara 5 kusan 1 an cire masa beli kafin ya cika shekara 5.

Mun riga mun ga aikin beli. Yana cikin ƙofar da ke toshe hanci lokacin haɗiya. Da shi aka halicci kowa. In ya yi ja ya kumbura, ciwon maƙoshi ne ya kumbura shi. Ba shi ya kawo ciwon ba. In ciwon ya warke, zai koma yadda yake.

Yanka a cikin maƙoshi yana da haɗari. Wurin cike yake da jijiyoyin jini da na saƙo. Jijiya ta tara kanta tana wucewa dab da bayan tsokoki biyu masu kama da dabino da ke gefen maƙoshi. Jariri jininsa kaɗan ne. In ya zubar da abin da bai kai rabin ƙaramin kofin shayi ba, yana iya shiga haɗari. Zafin yankan yana hana shi shan nono. Aska maras tsabta tana kawo sarƙewar haƙora da ciwon hanta.

In kuwa ciwon mashaƙo ne, ɓarna biyu aka yi. An ɓata kwanakin da allura za ta yi aiki. Askar kuma tana iya ɗaukar cutar ta kai wa yaro na gaba.

Wanzamai mutanenmu ne, muna girmama su. Su ne suke fara leƙa bakin yaran ƙauye. Saboda haka muna roƙonsu. In kun ga fata mai launin toka a maƙoshin yaro, ko kumburin wuya, ku mayar da aska cikin zabira. Ku ce wa iyaye su tafi gidan likita yau. Wanzamin da ya yi haka ya ceci rai.

Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa

Ba mashaƙo kaɗai ke kwantar da mai gadi ba. In mutum ya suma, ko yaro yana jijjiga saboda zazzaɓin cizon sauro, ko sanƙarau ya gusar masa da hankali, ƙofar huhu ba ta da mai tsaro. Mu kuwa saboda tausayi sai mu ɗaga kansa mu ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko jiƙo. Ruwan huhu yake tafiya.

Wanda ba ya cikin hankalinsa, ba a sa masa kome a baki. A kwantar da shi a gefensa, baki yana kallon ƙasa, don yawu da amai su zubo waje. Mai farfaɗiya ma haka. Kada a tura masa cokali ko tsumma. A nemi amalanke ko kabu-kabu ko mota, a kai shi gidan likita.

Tsofaffi masu hawan jini sukan samu shanyewar ɓarin jiki. Da yawansu haɗiya takan yi musu wuya. Ga alamu: tari lokacin cin abinci, murya kamar da ruwa a wuya, yawu yana zuba. A kai su a duba su. In an dawo gida, a zaunar da tsoho sosai kafin a ba shi abinci. Kada a ba shi yana kwance. A ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya ga da yawansu. In ya gama, ya ƙara zama kamar rabin awa. A wanke masa baki safe da yamma.

Ciwon jijiyar kanta

Akwai wani ciwo da ba shi da yawa, yakan kama manya. Mutum ya ji kamar an soka masa allura mai wuta a maƙoshi, gefe ɗaya, ta harba har kunne. Yakan yi daƙiƙa kaɗan, ko minti ɗaya zuwa biyu, ya lafa. Haɗiya ko tari ko magana ke tayar da shi. Wani har suma yake yi. Wani ya daina cin abinci don tsoro, ya rame. Sau da yawa wata jijiyar jini ce ke danne jijiya ta tara a gindin ƙwaƙwalwa. Tsaga ba ta maganinsa, ƙaho ma haka. Cire haƙori ba ya raba mutum da shi. Akwai ƙwayar magani da likita ke rubutawa. Irin wannan sai a nemi takarda daga gidan likita zuwa babban asibitin Damagaram.

Abin da ya rage gare mu

Rigakafi ya fi magani. Allurar mashaƙo tana cikin allurar jarirai da ake kira Penta. Sau uku ake yi: jariri yana da sati 6, sai sati 10, sai sati 14. Kyauta ce. Guda ɗaya ba ta isa ba, sai an cika ukun. Uwa, ki adana katin yaronki inda gara da ruwan sama ba za su taɓa shi ba. Maigida, aikin gona kada ya hana. In kai ba ka da lokaci, ka ba da izini, ka ba da kuɗin hanya. In masu allura sun zo gari saboda annoba, a fito da yara duka, har da manyansu da almajirai.

Ga alamu biyar da ba a kwana da su a gida:

1. Fata mai launin toka a maƙoshi.
2. Kumburin wuya tare da ciwon maƙoshi.
3. Ruwa ko kunu yana fitowa ta hanci.
4. Murya ta koma ta hanci bayan ciwon wuya.
5. Tari ko ƙwarewa duk lokacin da aka sha ruwa.

In an tabbatar mashaƙo ne a gida, sauran mutanen gidan ma su je a duba su. Akwai maganin da ake ba su don kada su kamu, don kada kuma su yaɗa.

Ɗaliban yaƙi da jahilci, ga aikinku na wannan sati. Kowa ya rubuta alamun nan biyar a littafinsa. Ya samu madubi, ya buɗe baki a cikin haske, ya ce "aaa", ya ga yadda belinsa yake hawa. Sa'an nan ya duba katin allurar yaran gidansu, ya ƙirga ko an yi ukun. Da dare, in an taru hira, ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. A fara da iyaye mata da kakanni, don su ne ke ba yara kunu, su za su fara ganin ranar da ya fito ta hanci.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.